Kafin Ka Kawo Yara Indiya, Ka San Abin da Zai Shiga Jakar Makarantarsu

Ƙanena, saƙonka ya iso tun daren Laraba, sai yau na samu zama. Kai ne mutum na huɗu da ya yi mini wannan tambaya a bana, shi ya sa zan amsa a fili kowa ya gani, don na gaji da maimaitawa a waya. Ka ce ka samu gurbin digiri na uku a nan Indiya, kana son tahowa da maiɗakinka da yara biyu, amma wani ya tsorata ka cewa makarantun nan cike suke da littattafan gumaka, yaro zai dawo gida yana kiran sunan Rama, ɗaya daga cikin allolin Hindu. Kana tambaya ko gaskiya ne, ko kuwa ka bar su wajen Hajiya.

Batun biza, da rajista a ofishin rajistar baƙi (FRRO) cikin kwana 14 da sauka, da katin rigakafin shawara, duk jami'arka za ta yi maka bayani. Ba zan ɓata lokaci a kansu ba.

Littattafan kam suna nan, kuma za su shigo gidanka ko ka so ko ka ƙi. Sai dai abin da ya ƙona mini rai a cikinsu daban yake da abin da kake tsoro. Shekarata bakwai a Delhi. A shekara ta biyu babbar 'yata, lokacin tana da shekara bakwai, ta aro wani ɗan littafi mai zane-zane daga laburaren makaranta, cikin jerin da ake kira Amar Chitra Katha. Babu gidan ɗan boko a ƙasar nan da ba za ka same su ba. Wani mutum mai suna Anant Pai ne ya fara su a 1967, ana cewa bayan ya ga wata gasar kacici-kacici a talabijin inda yaran Indiya suka amsa tambayoyi kan labaran Girkawa amma suka kasa faɗin sunan mahaifiyar Rama. Yau sun haura ɗari huɗu. Yarinyar nan ta kwanta rub-da-ciki a kan darduma tana buɗawa, ni ina gefe ina fama da kwamfuta, sai ta ɗago ta ce, “Abba, me ya sa duk mugayen baƙaƙe ne irinmu?”

Na karɓa na duba. Allolinsu da sarakuna farare tas, ko kuma shuɗaye. Dodannin da suke kira rakshasa kuwa baƙaƙe wuluk, da haƙora a waje, da manyan tumbi, da gashi a hargitse. Sai a lokacin ta gaya mini cewa wani yaro a ajinsu ya kwana biyu yana kiranta da sunan dodanniya, sauran suna dariya. Na je makarantar washegari, malamar ta yi murmushi ta ce wasan yara ne. Ƙanena, an hana ni hayar gida a garin nan ya fi sau goma da zarar mai gida ya ga fuskata, an kira ni habshi, kalmar raini ga baƙar fata, a kan titi, ina nan a 2017 lokacin da aka far wa ɗaliban Najeriya a Greater Noida muka yi kwanaki ba ma fita. Duk na shanye. Amma ranar nan da na fito daga makarantar, sai da na tsaya a gindin wata bishiya na share hawaye.

Abin da ya sa na fara karanta littattafan da kaina ke nan, kuma da haushi na fara. Can na tarar da abin da masu zanen suka ɓoye. Sunan Krishna kansa, ɗaya daga cikin manyan allolinsu, ma'anarsa baƙi. Rama, a tsofaffin baitocin, ana kwatanta launinsa da gajimaren damina. Draupadi, matar da suke ji da kyanta a babban littafin labarinsu Mahabharata, baƙa ce, har suna take da shi a kan haka. Masu zane ne suka mai da baƙin shuɗi, suka bar wa dodanni baƙin. Su kansu Indiyawa masu ilimi sun daɗe suna sukar wannan. Na zaunar da 'yata na nuna mata. Bayan kwana biyu ta dawo tana tsalle, wai ta tambayi yaron a gaban kowa ko ya san ma'anar sunan Krishna, ya kasa, ita ta gaya masa. A ƙarshen shekarar ita ta zo ta ɗaya a gasar ba da labari ta ajinsu, da Indiyanci, kuma takardar shaidar tana nan manne a bangon falona kusa da tawa ta digiri.

Ka cire fina-finai daga ranka. Mun taso muna kallonsu a Kano har muka ɗauka mun san mutanen nan, alhali waƙa da rawa kawai muka sani. Jama'ar nan da labaran nan suke magana. Jarida za ta ce minista ya tsallake layin Lakshman, ana nufin ya wuce iyaka, daga layin da Lakshman ƙanen Rama ya zana wa Sita, matar Rama, a ƙofar bukka. Mai yawan barci Kumbhakarna ne, ƙanen Ravana, sarkin dodannin da ya sace Sita, shi ƙanen barcin wata shida yake yi. In ka ga an ƙone ƙaton mutum-mutumi mai kai goma a bikin Dussehra, Ravana ne, fitilun Diwali kuma na dawowar Rama garinsu Ayodhya ne bayan shekara 14 a daji. Wanda bai san waɗannan ba zai zauna cikin abokan karatunsa kamar kurma.

Akwai labarin da nake so kai musamman ka karanta, tunda digiri na uku za ka yi. Ekalavya ɗan mafarauta ne, ya je wajen babban malamin harbi Drona, aka kore shi saboda asalinsa. Ya koma daji ya ƙera siffar malamin da laka, ya koya wa kansa har ya fi Arjuna, ɗalibin da malamin ya fi so. Da Drona ya gani, sai ya nemi ladan karantarwa: babban yatsan hannun dama. Yaron ya yanke ya ba shi. Wani abokin karatuna ɗan Dalit, wato mutanen da tsarin asali na Indiya ya ajiye a can ƙasa, shi ne ya ba ni labarin a kan shayi, a watan da mai duba aikina ya riƙe kundina wata tara bai buɗe ba, ya kuma ɗora sunansa gaba da nawa a takardar da ni kaɗai na rubuta. Abokin nan ya ɗaga babban yatsansa ya ce, “Ni da kai mu riƙe namu da kyau.” Mun riƙe, kuma dukanmu mun gama. A nan malami guru ne, ba a yi masa musu a gaban mutane, kuma in ka san wannan labarin za ka gane daga ina abin ya samo asali.

Wasu littattafan ba sa buƙatar ka ɗaga hankali ko kaɗan. Panchatantra labaran dabbobi ne masu koyar da dabarar zama da mutane, kuma kai ma ka san shi ba ka sani ba. Shi ne aka fassara zuwa Farisanci, daga nan Ibn al-Muƙaffa ya mai da shi Larabci wajen shekara ta 750 da sunan Kalila wa Dimna, wanda malamanmu na zaure suke da shi. Kalila da Dimna, dilolin nan biyu na cikin littafin, asalin sunansu Karataka da Damanaka. Akun Magana Jari Ce ma, wanda yake tsare Musa da labari kada ya fita, yana da kaka a nan, cikin wani tsohon littafi na labarai saba'in da aku ya bayar don hana uwar gidansa fita da dare. Waɗannan ka saya wa yara da hannunka.

Ramayana, wato labarin Rama, da Mahabharata sai da kai a kusa, don labari da ibada a cakuɗe suke. Na farkon baiti kusan 24,000 ne, na biyun kusan 100,000, ba wanda zai ce ka karance su. Ka nemi taƙaitawar C. Rajagopalachari ta Mahabharata ta 1951, da Ramayana ta R. K. Narayan ta 1972, dukansu da Turanci mai sauƙi. Ranar Lahadi ka je kasuwar tsofaffin littattafai ta Daryaganj, wadda aka mayar Mahila Haat a 2019, za ka same su a shimfiɗe da araha. Na Amish Tripathi da za ka gani a kowane shago ƙagaggun labarai ne na zamani, kada ka ɗauka su ne abin da mutane suka yi imani da shi.

Bhagavad Gita kuwa littafin addini ne sosai, babi 18, baiti 700, hirar Krishna da Arjuna a filin yaƙin Kurukshetra. Madaba'ar Gita Press da ke Gorakhpur tun 1923 take buga shi da kuɗi kaɗan, za ka gan shi har a tashoshin jirgin ƙasa, kuma 'yan ƙungiyar addini ta Hare Krishna za su miƙo maka nasu a hanya. In ba ka so ka ce na gode ka wuce. In ka karɓa, to kada ka ajiye shi a ƙasa, kada ka jefa a shara inda mai gida zai gani. Mutanen nan ko littafin lissafi ƙafarsu ta taɓa sai sun ɗauka sun kai goshi, saboda Saraswati da suke ɗauka allahiyar ilimi. Kuma don Allah ka kama bakinka da yatsunka. Kada ka ɗauki hoton gunki ka sa a Facebook kana raha don 'yan gida su yi dariya. Dokar ƙasar ta tanadi ɗauri har shekara uku ga wanda ya ci zarafin addinin wasu da gangan, kai kuma baƙo ne mai biza a hannu. Manyan malamai ma ba su tsira ba: a 2011 Jami'ar Delhi ta cire maƙalar A. K. Ramanujan kan ire-iren Ramayana daga manhaja, a 2014 kuma aka janye littafin Wendy Doniger kan addinin Hindu daga kasuwa bayan ƙara a kotu. Ni kaina na taɓa kiran labarin Rama tatsuniya a gaban wata abokiyar aiki, wata guda ba ta amsa gaisuwata ba. Su itihasa suke cewa, wato abin da ya faru.

Ainihin inda za ka tsaya da ƙafarka shi ne abin da ake yi a makaranta da jiki. Da safe a wasu makarantun yara suna haɗa tafin hannu su rera addu'a da Sanskrit, tsohon harshen addininsu. Lokacin bikin haihuwar Krishna za a turo takarda a ce a yi wa yaro shigarsa, da sarewa da gashin ɗawisu. Za a raba alewar da aka riga aka miƙa wa gunki, prasad suke ce mata. Tun ranar rajista na je wajen shugabar makarantar da muka koma, na ce mu Musulmi ne, 'ya'yana za su tsaya a layi cikin ladabi amma ba za su rera ba, ba za su yi shigar ba. Ta amince nan take, don ba mu ne na farko ba: Musulmi sun kai kashi 14 cikin ɗari a ƙidayar 2011. Kada ka jira sai abin ya faru ka je da faɗa. In da hali ka nemi gida wajen Jamia Nagar ko Okhla, inda ake jin kiran salla. Islamiyya kuma a wuyanka take. Malamin da za ka samu Bahanafe ne, rubutun Alƙur'aninsu ma ya ɗan bambanta da wanda yaranka suka saba, sai ka riƙa bi.

To amsar tambayarka ita ce: in ka san za ka iya ware rabin sa'a kowane dare ka buɗe jakar yaran, ka karanta abin da suka aro, ka amsa tambayarsu kan Allah ɗaya ba tare da tsawa ba, taho da su. In ka san ɗakin bincike zai cinye ka har sha ɗayan dare kamar yadda ya yi mini a shekarar farko, bar su wajen Hajiya tukuna, ka shekara, sannan su biyo ka da uwarsu.

Ina da kwali guda na littattafan nan, na yi alama da jan biro a shafukan da ke buƙatar bayani, zan ajiye maka. Kai kuma ka taho mini da Magana Jari Ce duka ukun, nawa sun yage, da kuka da daddawa. Ka gaishe da Hajiya, ka ce ina nan tafe bayan Babbar Salla in Allah ya yarda.