Yaya haske ke ƙetare teku cikin zaren gilashi bai dushe ba?

Malam, ka tambayi yadda haske ke ɗaukar saƙo cikin faiba, wato zaren gilashi, har ya ƙetare teku bai dushe ba. Ai yana dushewa, dabara aka yi masa.

Zaren bai fi kaurin gashin kai ba. Tsakiyarsa gilashi ne, an lulluɓe shi da wani gilashin da ke mayar da hasken ciki duk sanda ya nemi fita. Na'urar leza, mai fitar da siririn haske mai ƙarfi, ita ke ƙyafta hasken sau biliyoyi a daƙiƙa, ƙyaftawar nan ita ce saƙon.

Da farko abin ya gagara: haske ba ya yin mita ashirin sai ya kusa ƙarewa. A 1966 Charles Kao da George Hockham a Ingila suka nuna cewa ƙazantar da ke cikin gilashin ce ke shanye shi, musamman ɓurɓushin ƙarfe. Kamfanin Corning na Amurka ya tace gilashin yadda ake so a 1970. Kao kuwa sai a 2009 ya samu kyautar Nobel, an dai ja masa rai.

Ni a ganina, babbar nasarar ita ce ta 1987, lokacin da masu bincike a Jami'ar Southampton suka zuba sinadarin erbium cikin ɗan guntun zare. Guntun nan yana ƙara wa haske ƙarfi kai tsaye, ba sai an mayar da saƙon lantarki ba. Irinsa ake jerawa a ƙasan teku, duk bayan 'yan gomman kilomitoci. Kuma da yake yana ƙarfafa launukan haske da yawa a lokaci guda, sai aka riƙa cusa launuka barkatai cikin zare ɗaya, kowanne da saƙonsa.