Ta aljihu ko mai janyo nesa: amsar maigida ga yaronsa

Ɗana, ka ce ka tara ɗan abin da ka tara, kana son ƙaramar kyamara ta kanka wadda za ka riƙa fita da ita ranar da manyan kyamarorin shago suke wurin aiki. An nuna maka biyu na hannu, duk na Canon: G7 X Mark II da SX740 HS. Ka ce hankalinka ya fi kwanciya da ta biyun, tunda 40x aka rubuta a jikinta, ita kuwa ɗayar ko 5x ba ta kai ba, ga shi kuma ta fi tsada. Kana tambaya ko mai kayan ne yake son ya yi maka wayo.

Ba wayo ba ne. Idan aikin da muke ci da shi a shagon nan kake nufi, wato kamu da dina da suna da walima, to G7 X ɗin za ka ɗauka. Amma ba na son ka saya don maigida ya ce. Ina son ka san dalili, domin gobe wani zai kawo maka wasu biyun da ban taɓa riƙewa ba.

Mu fara da wannan 40 ɗin da ta ɗauke maka hankali. Lissafi ne kawai na rabawa. Gilashin SX740 yana farawa daga 24mm ya ƙare a 960mm (iya girman lambar, iya yadda yake janyo nesa), in ka raba 960 da 24 ka samu 40. Na G7 X daga 24mm zuwa 100mm ne, shi ya ba da huɗu da ɗan wani abu. Lambar ba ta ce komai a kan kyan hoto ba. Manyan gilasan nan farare da kake gani a bakin fili idan ana nuna ƙwallon Ingila, da yawansu ba sa zum ko kaɗan, 1x ne, amma kuɗin guda ya sayi mota.

Abin da ya kamata ka tambayi kanka shi ne, ta yaya aka cusa 960mm a cikin abin da zai shiga aljihun kaftani? Amsar tana can ciki, a wurin da ba a rubuta shi da manyan baƙaƙe a kwali: an ƙanƙance sensa ne, wato ɗan allon da haske yake sauka a kai ya zama hoto. Na SX740 tsawonsa kusan milimita 6 ne, faɗinsa 4 da rabi, bai kai farcen ƙaramin yatsanka ba. Na G7 X kuwa 13.2 ne da 8.8, irin wanda ake kira na inci ɗaya, wanda Sony ta fara sakawa a kyamarar aljihu da RX100 a 2012. In ka auna fili da fili, ya ninka wancan sau huɗu. Idan sensa ya yi ƙanƙanta, ɗan gajeren gilashi ma sai ya ba da hange mai nisa. Ainihin tsawon gilashin SX740 milimita 172 ne a ƙarshensa, 960 ɗin kwatance ne da babbar kyamara. To ga inda mutane suke faɗawa: duka biyun megafiksel 20 ne. Mai saye ya ga 20 nan, 20 can, ya ce ai ɗaya ne. Ɗigo miliyan 20 aka jera a kan ƙaramin fili, aka jera miliyan 20 a kan babba, kowane ɗigo na ƙaramin rubu'in hasken ɗan'uwansa yake samu.

Ba a nan ya tsaya ba. Juya gaban kyamarar ka karanta ƙananan lambobin da suke zagaye da gilashin. A G7 X za ka ga 1.8 zuwa 2.8, a SX740 za ka ga 3.3 zuwa 6.9. Girman ƙofar da haske yake bi ta cikin gilashi suke nunawa, kuma ka riga ka sani, ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa. Ko ba ka taɓa zum ba, 1.8 tana shigar da hasken da ya ninka na 3.3 fiye da sau uku. Haɗa da sensan da ya ninka sau huɗu, ka ga jimillar hasken da G7 X take tarawa ya haura ninki goma. Da ka fara janyowa kuwa, ƙofar SX740 sai ƙara tsukewa take har ta kai 6.9.

Yanzu ɗauki wannan lissafin ka kai shi gidan kamu. La'asar ta yi sanyi, an ce za a fara ƙarfe huɗu amma amarya ba ta fito ba sai dab da magariba, kamar kullum. An kafa rumfa a tsakar gida ta tare ɗan hasken da ya rage, ba wuta, janareta na jan ƙwai biyu. Ƙawaye sun kewaye ta, ana guɗa, ana liƙi, ba wanda yake tsaye wuri ɗaya. Mai ƙaramin sensa abu biyu za ta yi, kuma duka ba alheri. Za ta bar ƙofa a buɗe ta daɗe, sai hannun mai liƙi ya zama hayaƙi, fuskar amarya ta fito biyu. Za ta kuma ɗaga ISO, wato ƙarfafa ɗan hasken da sensa ya samu, har ƙurewarsa, hoto ya cika da yashi-yashi, sannan injin ciki ya bi ya shafe yashin. A ɗan sikirin ɗin bayanta ba za ka ga komai ba, har ka ji daɗi. Sai ka dawo shago ka buɗe a kwamfuta. Zanen lallen da aka yi awanni ana yi wa amarya a bayan hannu ya narke ya zama baƙin tabo. Zaren leshi ya haɗe, duwatsun da ke jikin mayafi sun ɓace, fata ta yi sumul kamar roba. Su kuwa mata lallen nan da leshin nan suka biya kuɗi a gani. Uwar amarya ba ta san ISO ba, amma ta san ba haka 'yarta ta fito ba.

Kada ka ce filasha zai rufa maka asiri. Ɗan filashan da yake tasowa a kansu taku kaɗan yake kaiwa, na gaba ya yi fari fat, na baya ya nutse a duhu, kuma duka biyun ba su da mazaunin da za ka ɗora babban filasha. A ɗakin dina ma wata matsalar ce, fitilu masu shuɗi da ja da suke rina fuska. G7 X tana ɗaukar RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, ka dawo ka gyara launi a nutse. SX740 ba ta da shi, abin da ta dafa shi za ka ci.

Kada ka ɗauka na raina mai janyo nesa, tana da ranarta. Ka je Ƙofar Kudu ranar Hawan Daushe ba ka da katin 'yan jarida, jama'a sun yi dafifi, dogarai ba za su bar ka ka matsa ba. A nan G7 X za ta ba ka taron mutane da ƙura da wasu 'yan dawaki can nesa. SX740 kuwa za ta kawo maka rawanin hakimi, da lifidi, da kwalliyar da ke goshin doki, kana tsaye a inda kake. Haka a Yankari idan giwa ta ɓullo a tsallaken kurmi, haka tsuntsayen fadamun Haɗeja da Nguru, haka ɗan wasa a tsakiyar fili kana can saman benci. Da rana tsaka, haske ya wadata, ƙanƙantar sensa ba ta cika tona asiri ba. Ga bidiyo ma tana yin 4K, abin da G7 X Mark II ba ta yi.

Sai dai 960mm ba a riƙe ta da wasa. Ɗan numfashin da ka ja sai ya kawar da doki daga cikin hoto gaba ɗaya, ka koma kana lalube. Ƙa'idar da muka gada ita ce saurin ɗauka ya kai tsawon gilashi, wato wajen 1/1000 na daƙiƙa a nan. Na'urar hana rawa da ke ciki tana rage rawar hannunka, amma ba ta tsayar da dokin da ya taso jahi. Ƙofa kuma tana 6.9, hawa kuwa na yamma ne, kafin Sarki ya dawo fada rana ta yi ƙasa. Ƙara da abin da ba kyamarar da ta iya masa: iskar da ke tsakaninka da abin. Lokacin hunturu hazo ne, hoto ya fito fari-fari ba armashi. Lokacin bazara zafin ƙasa yana tashi, layi madaidaici ya riƙa lanƙwasa. Ga rana tana dukan sikirin, kuma duka biyun ba su da ramin leƙe, wato ɗan tagar da ake kafa ido a ga hoto. In har mai janyo nesa za ka saya wata rana, duba Panasonic TZ90, tana kaiwa 720mm, tana da ramin leƙe, tana da RAW.

Ka ƙirga da kanka. Hawa sau nawa ake yi a shekara, biki sau nawa? Kuma a cikin hotunan hawan da ka ɗauka daga bayan jama'a, nawa wani zai zaro kuɗi ya saya? Wanda ya hau doki yana son hotonsa, shi zai kira ka ƙofar gida kafin a fita, ya tsaya maka da yaransa, taku biyar tsakaninku. Wannan aikin 50mm ne, ba ya buƙatar janyo nesa.

Abokanka za su ce maka ai waya ma tana yin abin da G7 X take yi, gara ka sayi wadda take yin abin da waya ba ta iyawa. Maganar tana da ƙamshin gaskiya. Babbar waya ta yanzu tana ɗaukar hotuna da yawa a ƙiftawa ɗaya ta haɗe su, shi ya sa hoton dare yake fita tas idan abin a tsaye yake. Da wani alhaji ne mai tsadaddiyar waya ya zo yana son kyamarar tafiye-tafiye, mai janyo nesa zan ce ya saya. Amma kai wayarka ba ta kai nan ba, mutanenka kuma rawa suke. Sannan babban idon waya mai faɗi ne, wajen 24 ko 26mm, in ka matso kusa da fuska sai hanci ya yi girma. Ja G7 X zuwa 85 ko 100mm a kan 2.8, ka ja da baya kaɗan, fuska ta zauna daidai, bango ya ɗan yi laushi. Wannan ne hoton da ake sawa a firam.

In ka ji 100mm ta yi maka kaɗan, akwai yanka. Hotonta ɗigo 5472 ne a tsawo. Yanke tsakiya, rabin tsawo rabin faɗi, ka samu kamar 200mm da megafiksel 5, ya isa a wanke hoto mai inci 5 da 7 lafiya lau, balle a tura ta WhatsApp. Shi kuwa zum ɗin dijital da ke cikin saiti, wanda yake sa lamba ta haura abin da gilashi ya iya, yankan nan ne kyamara take yi maka ba tare da shawararka ba. Ka kashe shi ranar da ka saya, ko wacce ka saya.

Akwai na tsaka-tsaki, kada wani ya ba ka labarinsu ka ce na ɓoye maka. Panasonic ta fitar da TZ100 a 2016, sensan inci ɗaya da gilashi 25 zuwa 250mm, sai TZ200 a 2018 mai kaiwa 360mm. Sony ma ta kai RX100 VI zuwa 200mm a 2018. Kyawawa ne, amma duba ƙofa: TZ100 tana ƙarewa a 5.9, RX100 VI tana farawa a 2.8 ta ƙare a 4.5, kuɗinta kuma ya fi ƙarfin aljihunka. Abin da aka ƙara a nisa an rage shi a haske, taura biyu ba ta taunuwa.

Tsadar G7 X kuwa ba duka ta inganci ba ce, yayi ma ya shiga. 'Yan TikTok sun yi mata caa a 'yan shekarun nan, farashin na hannu ya tashi ko'ina. Idan mai kayan ya ƙi saukowa, tambaye shi Sony RX100 III ta 2014. Sensa iri ɗaya, ƙofa 1.8 zuwa 2.8, gilashin ya tsaya a 70mm, amma tana da ramin leƙe da yake tasowa, abin da za ka gode masa da rana.

Ko wacce ce, kada ka biya sai ka gwada, domin irin waɗannan ƙura ce ajalinsu. Gilashin yana fitowa yana komawa duk kunnawa, yana zuƙar iska, kuma ba a cire shi a goge ciki kamar na manyanmu. Kunna ka kashe sau da yawa, ka kasa kunne: in ka ji ƙarar yashi ko ya tsaya a hanya, ajiye. Duba 'yan ƙyauren da ke rufe gilashin ko suna buɗewa duka. Tsuke ƙofa zuwa 8, ka ja zum, ka ɗauki farin bango, ka buɗe hoton a babban sikirin. Duk baƙin ɗigon da ya zauna wuri ɗaya a kowane hoto ƙura ce a kan sensa, cire ta sai an kwance kyamarar. Batirin Canon ɗin nan biyu iri ɗaya ne, NB-13L, sabo ma da ƙyar yake kai ka hoto 300, don haka ka sa kuɗin guda biyu a lissafi. Ka saya mata 'yar jaka mai zif. Sunanta ta aljihu, amma aljihun da ake zuba goro da canji ba wurinta ba ne.

Ka ce wa mai kayan ya ba ka su biyun ranar Asabar, ni zan tsaya maka. Ka kawo su bayan magariba, mu kashe fitilun situdiyo mu bar ƙwai ɗaya, ƙaninka ya sa hula mai aiki ya riƙa motsi kana ɗauka. Da safe kuma ka hau bene ka janyo hasumiyar masallaci da kowacce. Mu wanke biyu-biyu a 8 da 10 kafin ka ba da kuɗinka. Kuma ina gaya maka tun yanzu, ko G7 X ɗin ka saya, ba ka karɓar biki sukutum da ita kaɗai sai ka zo ka ɗauki babba a shago.