Karen da ya dawo daga Jabal Lauz a jiƙe

Ɗana, na ga saƙonka bayan sallar isha'i. Ina nan Madina har yanzu, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta maka a tsanake, ya fi in yi ta aiko maka da murya guntu-guntu. Ka ce ranar Juma'a da dare wani mutum ya kawo farin karensa shagonmu na gyaran karnuka a Tabuk, irin Samoyed ɗin nan, daga Jabal Lauz, dutsen nan na arewacin Saudiyya, inda suka yini cikin dusar ƙanƙara. Ka goge shi da tawul iya ƙarfinka, ka kunna masa istishwar, wato na'urar busar da gashi ta hannu, da zafi wajen minti 20, ka shafa ka ji ya bushe, ka miƙa wa mai shi. Jiya kuma sai ga shi an dawo da shi, bayan kunnuwa da hammata duk sun dunƙule, yana wari, yana ta susa. Tambayarka ita ce: "Kawu, ina na yi kuskure? Ko in sa masa inji in aske shi kowa ya huta?"

Kada ka aske shi. Da wannan na fara don na san hannunka da sauri. In ka yi masa ƙwal-kwabo, an sayar da kare an sayi biri ke nan: gashin irin waɗannan karnuka ba kullum yake dawowa yadda yake ba, wani sai ya fito tsigi-tsigi, wani wurin ma ya daɗe bai fito ba, ga sanyin Tabuk a cikin Murabba'aniyya, kwana arba'in ɗin nan na tsananin hunturu, ka raba dabba da bargonta.

Kuskurenka kuwa ni ma na yi shi, don haka ba faɗa nake maka ba. Abin da ya yaudare ka shi ne gashin sama. Samoyed da Husky da Pomeranian da karen Jamus mai dogon gashi, duk gashinsu hawa biyu ne. Na sama dogo ne mai ɗan kauri da santsi, aikinsa aikin jinka, ruwa ya sauka a kai ya zurare. Na ƙasa kuwa gajere ne mai laushi, a cunkushe kamar audugar katifa, shi ke riƙe ɗumi. Jinkar nan takan bushe nan da nan. Audugar ce in ta sha ruwa ba ta sakinsa da daɗi. Kai ka shafa jinka ka ji ta bushe, alhali ƙasa sharkaf take.

Ka kuma lissafa tafiyar. Daga dutsen zuwa cikin gari kusan kilomita 200 ne. Dutse ne da ya haura mita 2,500, can sama dusar takan tsaya a kan gashin kare ba ta narke ba, in ya girgije jiki rabinta ta zube. Amma da an sa shi a bayan mota an kunna hita, sai ta narke a hankali, ya kwanta a kanta, nauyin jikinsa ya tura ruwan har fata. Kafin su iso ƙofar shagonmu ya yi awa biyu ko uku yana jiƙa. Shi ya sa karen da aka kawo daga Lauz ko Alƙan, inda nan ma dusa ke sauka, ka ɗauke shi kamar wanda aka tsamo daga kududdufi, ko da idonka ya ce maka ba haka ba.

Sai gugar tawul. A nan ne ka ɗaure gashin da hannunka. Jiƙaƙƙen gashi mai laushi in ana murza shi gaba da baya, ko ana zagayawa da tawul, cukurkuɗewa yake yi, in ya bushe a haka kuma sai ya ƙara ɗaurewa tamau. Ba a goge dogon gashi, matse shi ake yi. Ka ɗora tawul, ka danna, ka damƙa, ka ɗaga, ka matsa gaba, kana bin inda gashin ya kwanta. Tawul ya jiƙe ka jefar ka ɗauko wani. Babban kare yakan ci uku ko huɗu, kada ka ji ƙyashin wanki.

Istishwar kuma na kan mutane ne. Iskarsa ba ta da ƙarfin buɗe gashi mai hawa biyu, zafinsa kuwa ya fi ƙarfin fatar kare, wadda ba ta kai tamu kauri ba. Ka tuna zafin jikin kare lafiyayye tsakanin digiri 38 ne da 39 da ɗan ɗoriya, ya riga ya fi namu, kuma ba ya zufa a jiki yadda muke yi, da haki yake sanyaya kansa. Wanda ya yi tunanin tunda daga ƙanƙara ya fito sai a gasa shi, ya kusa kashe karen mutane. Ƙananan nan masu gajeren hanci, irin Shih Tzu, su ne zafi ya fi saurin kayarwa. Kada ka taɓa kulle ɗayansu a keji ka saita masa iska mai zafi ka tafi shan shayi.

Babban injin hura iskar da ke ƙarƙashin tebur, shi ne na wannan aikin, shi da kake gudu saboda ƙararsa. Ba da zafi yake busarwa ba, ƙarfin iskar ne ke fizge ruwan daga gindin gashi ya watsar. Ka fara daga cinyoyin baya da ƙaramin ƙarfi har karen ya saba, sannan ka ƙara. Ka kai bakin tiyo kusa har ka ga gashin ya dare kamar tsagar kitso, fatar ta bayyana, ka tsaya a wurin sai ka daina ganin feshin ruwa yana tashi, sannan ka matsa kaɗan. Inda gashin ya yi tsawo sosai, wato wutsiya da gezar ƙafafu, ka ja tiyon baya kaɗan, in ba haka ba iskar za ta murɗe shi ya zama igiya. Fuska da cikin kunne ba ruwan injin da su. Ɗaya hannunka kuma kada ya bar cikin iskar, abin da hannunka ya ji shi karen ke ji.

Da ya rage ɗan danshi sai ka ɗauko buroshin waya. Ka ɗaga gashi da tafin hannu, ka taje layin da ke ƙasa tun daga fata, ka sauke wani layin, haka dai kamar mai tsefe kai. Bayan buroshi sai matajin ƙarfe. Matajin nan shi ne alƙali: inda ya wuce sumul har fata, an gama, inda ya cije, da saura. Sannan ka cusa yatsunka bayan kunne, ƙarƙashin wuya inda abin wuya ke zama, hammata, ciki, matse-matsi da gindin wutsiya. In ka ji sanyi-sanyi a fatar, bai bushe ba. Ni nakan danna farar takardar tishu a wurin, ita ba ta ƙarya. Samoyed babba, in bai ci maka awa ɗaya ba, to ha'inci ka yi. Ka faɗa wa mai shi haka tun a bakin ƙofa, ya je ya dawo.

Farkon zuwana wannan sana'a na taɓa sallamar wani jan kare mai dogon gashi a minti 30, ina jin kaina gwani. Bayan kwana uku aka dawo da shi da gyambo a ƙasan kunne, faɗinsa kamar tafin hannun yaro, ja wur, yana tsatsafar ruwa, gashin wurin ya manne. Laima ce ta kwana a fata, ƙaiƙayi ya taso, karen ya yi ta susa da farce har ya ɓare wurin, ƙwayoyin cuta suka samu gida. Maigidana na lokacin bai ce mini uffan ba, sai ya sa ni na riƙe kan karen har likita ya gama wanke ciwon. Kukan da dabbar nan ta yi har yau yana kunnena.

Don haka kafin ka taɓa na hannunka, ka buɗe duk inda yake susa ka duba fatar. In ka ga ja ko ruwa ko wurin ya yi zafi, ba aikinmu ba ne, na likitan dabbobi ne, kuma yau, ba gobe ba. In fatar lafiya lau take, kada ka yi masa wanka tukuna, ruwa ƙara ɗaure ƙulli yake yi. Ka fesa man warware gashi, ka riƙe gindin ƙullin da yatsu biyu don kada ka ja fatar, ka riƙa warwarewa daga baki-baki. Wanda ya manne da fata ya ƙi, ka zura kan injin aski a ƙarƙashinsa ka cire shi shi kaɗai. Almakashi dai a'a. Fatar bayan kunne tana shigewa cikin ƙulli, ba za ka gane ba sai ka ga jini.

Akwai kuma abin da za ka riƙa gaya wa masu karnukan, tunda da an ce dusa ta sauka gari kan watse zuwa dutse. A can ne za su ga ƙanƙara ta dunƙule a gashin ƙafafu da ciki kamar curin fura, har da tsakanin yatsun dagi, kare ya riƙa ɗingishi yana cizon ƙafarsa. Kada su fizge, gashi za su tuge. Duk wanda zai hau dutsen ba ya rasa fulas ɗin gahawa da na shayi, to ya ƙara ɗaya na ruwan ɗumi, wanda in ya zuba a cikin wuyan hannunsa ba zai ji zafi ba. Ya narkar da curin da shi, ya ɗauraye dagin don tsakuwar dutsen tana maƙalewa a ciki, ya matse da tawul, ya shimfiɗa busasshen bargo a mota. In kuma ya ga bakin kunne ko ƙarshen wutsiya ya yi fari-fari ko toka-toka, ya yi sanyi ƙalau, kada ya murza, kada ya kanga shi a bakin hita. Ruwan ɗumi kawai, sai asibiti. Haka in karen yana makyarkyata ba ƙaƙƙautawa, ko ya yi laƙwas, dasashinsa ya koɗe. Masu suluki, siririn karen farautar nan na Larabawa, ka ƙara ja musu kunne, don shi gezar kunne da ta wutsiya kawai gare shi, jikin ba gashin kirki ba kitse, sanyi na saurin shigarsa.

Wanda ya zo gyara kafin tafiya kuwa, ka rage masa gashin ƙarƙashin dagi ya yi daidai da tafin, ka taje shi tas, don dusa a tsohon ƙulli take fara kamawa.

Rariyar bayan injin iskar ta toshe da gashi tun kafin in taho, ka cire ka kakkaɓe, in ba haka ba zai yi zafi ya mutu a hannunka. Ka ɗauko mini hoton bayan kunnuwan biyu da hammatar, gashin a buɗe yadda zan ga fatar, ka turo kafin ka sa mataji. Ka gaida mutanen gida.