Amsa ga ƙanina mai neman karatun fiyul sel a waje

Salam ƙanina, na ga saƙonka. Ka ce kana so ka rubuta firofozal a kan yadda zafin wutar da ake gasa anod na seramik da ita ke shafar aikinsa a fiyul sel (fiyul sel na'ura ce mai mayar da gas lantarki, anod kuma ɓangarenta ne da gas ɗin ke shiga), amma kana tsoron kar farfesa ya ce batun ya yi ƙanƙanta. Wallahi bai yi ba, a nan Jamus mutane na yin digirin digirgir a kan wannan kaɗai, cibiyar bincike ta Jülich ma shekaru da yawa ke nan tana aikin irin waɗannan sel ɗin.

Abin kamar gasa tukunya ne, in wuta ta yi kaɗan ba ta ƙwari, sai dai a anod in ta yi yawa ma ka yi asara. Garin nikel oksaid da YSZ (wani seramik da ake yi da zakoniya da itiriya) da ake yin anod da shi ana gasa shi wajen digiri 1300 zuwa 1400 na Selsiyos, in ka tsaya ƙasa sosai ƙwayoyin ba sa kama juna, lantarki ba ya samun hanya, in kuma ka zarce sai ƙwayoyin su girma su haɗe, ƙananan ramukan da gas ke bi su toshe, wuraren da gas da nikel da YSZ ke haɗuwa su ragu, kuma a nan ne fa ake samun wutar.

Shi nikel yana da matsala da gas ɗin methen, kabon na taruwa a kansa, sulfa ma na kashe shi, shi ya sa ake neman seramik zalla kamar LSCM, wani seramik mai sinadarin lantanom da masana Tao da Irvine suka fitar a jami'ar St Andrews ta Scotland a 2003. To waɗannan masu lantanom su ne abin sha'awa, don in zafi ya wuce wajen 1200 suna iya haɗuwa da zakoniyar da ke cikin YSZ su samar da wani ɓawo da ke tare hanyar lantarki. Ka ga kenan tazarar zafin da kake da ita 'yar kaɗan ce.

Don Allah kar ka rubuta cewa za ka magance matsalar wutar Najeriya, kowa haka yake rubutawa. Ka ɗauki abu ɗaya, ka faɗi zafin da za ka gwada da dalili, da yadda za ka auna ramukan. Ka fara nemo sufabaiza kafin ka cike fom ɗin neman tallafin karatu na DAAD ta Jamus ko PTDF ta Najeriya, ka kuma tambaye shi ko akwai tanderu da ke kai 1500 a lab ɗinsu. Turo min abin da ka rubuta in duba maka.