Filin Tambaya da Amsa: Tsohon ukulele na ya tsage, in sa masa sufa gulu?

TAMBAYA: Salam Malam, dan Allah ina neman shawara. Na samu wani ɗan ƙaramin jita mai tsirkiya huɗu a wajen 'yan gwanjo, aka ce min ukulele ne, a cikin ramin akwai takarda mai ruwan gwal an rubuta Kamaka. To tun shigowar hunturu fuskarsa ta tsage, jakin da tsirkiyoyin ke ɗaure a kai ma ya fara ɗagowa. Wani kafinta ya ce in kawo ya ɗiga sufa gulu ya goge da samfefa ya fesa sabon fenti. In ba shi? Daga mai karatu a Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Dan girman Allah kar ka ba shi, kuma yanzun nan kafin ka gama karanta wannan ka je ka sassauta tsirkiyoyin nan gaba ɗaya, don su ne ke jan jakin yana ƙara ɓallewa.

Abin da ke hannunka ba na wasan yara ba ne. Kamaka kamfani ne na birnin Honolulu a Hawai, tun 1916 suke ƙera ukulele, kuma galibi da itacen koa suke yi, wanda a tsibiran can kaɗai yake fitowa. Shi kansa ukulele ɗin asalinsa 'yan Fotugal ne daga tsibirin Madeira da suka sauka Hawai a 1879 da ƙananan jitocinsu. Irin takardar gwal ɗin nan kuwa ta wajajen 1954 zuwa 1969 ce, to ka ga in na gaske ne ya haura shekara hamsin.

Ciwon nasa bushewa ce kawai. Katakon fuskar siriri ne sosai, an yi shi don wuri mai danshin iska kamar kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, mu kuma a hunturun Kano yakan sauka ƙasa da 20, sai itacen ya tsuke ya tsage bisa jijiyarsa. Saboda haka gyaran farko ba gam ba ne, danshi ne. Ka jiƙa soso ka matse shi sosai, ka sa a 'yar roba mai huji, ka haɗa su da ukulelen a babbar leda ka ɗaure, amma kar ruwa ya taɓa katakon, kana dubawa kullum saboda fumfuna. Cikin mako ɗaya ko biyu sau da yawa za ka ga bakin tsagar ya haɗe da kansa. Kuma ka daina shafa wajen da yatsa, maiƙon hannu na hana gam kamawa.

Sai a zo kan gam. Tsofaffin maƙera da gam ɗin fatar dabba suke aiki saboda in an sa masa zafi da ɗan danshi yana saki, a sake gyara ko bayan shekaru. Sufa gulu da Araldite (gam ɗin nan mai ƙarfi da ake haɗa ruwa biyu) ba sa saki cikin sauƙi, ran da za a cire jakin da naman katakon zai taho. In ba a samu na fata ba a yi da gam ɗin katako mai kyau, a tura shi cikin tsagar, a manna 'yan ƙananan faci na itace ta ciki, jijiyarsu ta gitta tsagar. Jakin kuma a cire shi duka a kankare tsohon gam tas kafin a mayar daidai gurbinsa a matse ya kwana, don in ya goce ko kaɗan sautin ba zai ƙara daidaita ba.

Maganar samfefa da fenti kuwa ita ta fi tada min hankali wallahi, goge asalin sheƙinsa na karya darajarsa kuma yana ƙara sirantar da katakon da dama can siriri ne, tsumma mai laushi ya ishe shi.

Ka nemi mai gyaran jita, ba kafintan kujera ba. Kuma kar a kuskura a sa masa tsirkiyar ƙarfe, ta nailan ake sawa, a ɗaure ta a G, C, E, A, wato sautukan da ake saita tsirkiyoyin huɗu a kai, bayan gam ɗin ya yi kwana biyu ya bushe.