Kafin ka ce in nemo maka farfesa a Jamus

Ƙanena, saƙonka ya iso, kai ne na uku a watan nan. Ka ce ka gama digiri a kimiyyar halittu, kana son irin binciken da nake yi. Farar rigar da ka gani a hoto ce ta ruɗe ka, bari ka ji aikin.

Ɓeraye nake haskawa da radiyeshin, wato haske mai ratsa jiki irin na hoton ƙashi a asibiti, in kai su ɗaki mai sanyin digiri 4, in riƙa auna zafin jikinsu awa-awa. Lafiyayyen ɓera jikinsa na wajen digiri 37, kuma yana da wani kitse mai ruwan ƙasa a tsakanin kafaɗu da yake ƙonawa ya ɗumama kansa. Wanda hasken ya yi wa yawa, ɓargo ya taɓu, hanji ya taɓu, ya daina ci, ya rame, wuta ba itace. Sai ka ga ya dunƙule, gashi a tashe. Idan kuma ayodin 131, sinadari mai fitar da radiyeshin irin wanda ya bazu a hatsarin tashar nukiliya ta Chernobyl a 1986, ya ci masa halittar nan ta wuya da ke kumbura ta zama maƙoƙo, to sanyi kaɗan ya ishe shi. Abin da ya fi ba ni mamaki, ɗakin digiri 22 da ake ajiye su ma sanyi ne a wurinsu, sai wajen 30 suke sakewa.

Ɓeran da muke bi da taɓarya a gida, nan sai da na yi kwas na ci jarrabawa kafin in taɓa shi, takardar izinin gwajin kuwa watanni muka yi muna jira. Zafin jikinsa na sauka ƙasa da abin da aka rubuta, dole ka fitar da shi, ko da aikinka zai rushe. Nawa ya taɓa rushewa, na wata biyar, ogana ko sannu bai ce ba. Ni kuwa da nake fitowa daga ɗakin sanyi in faɗa dusar ƙanƙara, ƙarfe huɗu da rabi duhu ya yi, babu takardar da ta damu da nawa zafin jikin. Hunturun Kano wasa ne.

Inna har gobe "mai kiwon jaba" take ce mini, alhali albashin kiwon ne ya yi mata rufin kwano.

In har ka ji ka gani, turo sakamakonka da shafi ɗaya kan abin da ka taɓa yi da hannunka a ɗakin gwaji. Kada ka sa Baffa ya sake kirana a kan maganar.