Ku Tambaya Mu Amsa: Aikin intanet daga daki, da masu son yawon duniya da laftof

Jama'a assalamu alaikum. Wannan karon sakonnin da suka taru kusan duk maganarsu daya ce, aikin onlayin da cin dala daga gida. Na zabo guda biyar, wasu na dan datse su saboda tsawo. Masu tambayar kirifto ku yi hakuri sai wani jikon.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Na gama bautar kasa bara, aiki shiru, sai wani abokina yace in bude Fiverr ana samun dala. Wata hudu kenan ko sallama babu wanda yayi min. Na rubuta ina zanen tambari, ina fassara, ina shigar da bayanai, ina hada bidiyo. Ko dai sun tsani 'yan Najeriya ne? Daga Kurna, Kano.

AMSA: Kanina bari in tambaye ka, da za ka shiga kasuwar Sabon Gari ka ga shago an rubuta ana dinki, ana aski, ana gyaran waya, ana dama fura, za ka mika wa mai shagon shaddarka ta sallah? To haka kwastoma yake kallon shafinka. Fiverr kasuwa ce, tun 2010 take ci, kuma wanda kake gogayya da shi wani ne a Pakistan ko Bangladesh ko Filifin da ya shekara da shekaru yana tambari kawai ba ya komai sai shi, daruruwan mutane sun ba shi tauraro biyar. Kai kuma ka shigo jiya da sana'a hudu babu samfuri ko daya.

Zabi daya ka kware. Yaron tela ma sai ya dade yana guga da dasa maballi kafin a bar shi ya sa almakashi a yadin mutane. Kwastomominka na farko suna nan unguwarku, mai sayar da atamfa a WhatsApp da ke son a gyara mata hotunan kaya, Islamiyyar da za ta yi walimar sauka tana neman kalanda, mai shagon magani da ke son tambari. Yi masu, ko da kudin bai taka kara ya karya ba, ka tara aiki goma masu kyau, su za ka dora a shafin.

In ni ne kai, fassarar zan kama. Dan Bangladesh zai kayar da kai a zane amma ba zai kayar da kai a Hausa ba. Kungiyoyin agaji da kamfanonin fasaha suna neman masu fassara da masu sauraron murya su mayar da ita rubutu. Sai dai fa jin Hausa daban, iya rubuta ta daban. Dole ka san ka'idar rubutu, inda ake raba kalma da inda ake hadewa, da bakake masu lankwasa. Ni ma nan da nake rubutu a gurguje ban sa su ba, amma wanda ya biya kudi sai ka sa masa.

Ka kuma san lissafi tun yanzu. Fiverr na cire kashi 20 cikin dari, aikin dala 50 dala 40 ce taka, kuma sabon shiga sai ya jira kwana 14 kafin ya iya cire kudin. A Upwork kuma, wata kasuwar irin Fiverr, neman aikin kansa da wasu maki ake yi da suke kira Connects, in sun kare saye za ka yi.

Maganar tsana kuwa, akwai kamshin gaskiya, 'yan damfara sun shafa mana kashin kaji. A Maris din 2024 ma Remotasks, wani shafin ba da aikin onlayin, suka rufe wa 'yan Najeriya da Kenya kofa dare daya. Amma kar wannan ya sa ka bi shawarar masu cewa ka kunna VPN, manhajar da ke boye kasar da kake, kace kana Amurka. Ranar da aka ce turo katin shaida ka dauki hoton fuskarka, asusun ya tafi, da kudin da ke ciki.

TAMBAYA: Salam Malam. Ni matar aure ce da yara uku, ina dan taba fassara daga gida. Wasu a Telegram sun ce za su rika biyana dubu biyar kullum in ina danna wa bidiyo alamar so, amma sai na fara saka dubu talatin. Wani kuma yace in ba shi NIN dina ya bude asusun aiki da sunana mu rika rabawa. Sannan wace hanya ce zan karbi kudi daga waje? Daga Tudun Wada, Zariya.

AMSA: Hajiya ki rike dubu talatin dinki ki sai wa yara madara. Aikin da za a ce sai kin biya kafin a dauke ki, ke ce cinikin. Kwana biyun farko za su turo miki alat na gaske don ki saki jiki ki kira 'yan uwa, daga nan a ce ki kara kudi ki hau mataki na gaba, ranar da kika ce za ki cire sai labari ya sha bamban. Mun ga irin wannan damfarar zuba kudi a MMM karshen 2016, mun sake gani a CBEX a Afrilun 2025, riga kawai ake sauyawa.

Mai neman NIN shi ma ki ce masa a kai kasuwa. Duk abin da ya aikata da wannan asusun sunanki ne a kai, in ya cuci wani ke za a nema.

Karbar kudi: mafi yawan masu wannan harkar Payoneer suke amfani da shi, wani asusun karbar kudin waje ne ta intanet, yana hade da Fiverr da Upwork, daga can ki turo bankinki na gida. Akwai kuma manhajoji irin su Grey da Raenest (wanda a da ake kira Geegpay) da ke ba mutum lambar asusun dala ko fam. In kudin sun fara kauri ki je banki ki bude asusun dala, wanda suke ce wa dom. Abu daya da ke wahalar da matan aure, suna. Wata a BVN sunan mahaifinta ne, a NIN sunan miji, a imel kuma Maman wance. Ki daidaita su tun kafin kudi su makale.

In kuma kwastoma kai tsaye ya same ki ba ta Fiverr ko Upwork ba, rabin kudi a gaba, a rubuce. Ni ganau ne. Na taba kwana hudu ina fassara wa wani mutum takarda mai shafi kusan arba'in kan rigakafin yara, mutum mai dadin baki, kullum sai ya tambayi lafiyar iyali. Na tura aiki da daddare yace madalla gobe da safe zan ji alat. Har yau goben ba ta yi ba, hotonsa ma ya bace daga WhatsApp.

TAMBAYA: Yallabai Allah ya taimake ni na samu aikin rubuta manhaja da wani karamin kamfani a Amurka, daga daki nake yi. Matsalata uku: wuta, barci, da mutanen gida. Baba ya fara min kallon dan yahu saboda ba na fita kuma ina kashe kudi, gidan su yarinyar da nake nema ma an ce a binciko inda nake aiki. Daga Gombe.

AMSA: To barka, Allah ya sa albarka. Bari in fara da Baba don shi ne babba. Kar ka ga laifinsa, a saninsa mai aiki shi ne wanda ya yi wanka da safe ya sa hula ya fita ya dawo da yamma da leda a hannu. Kai kuma rana kana barci, dare kana magana da Turawa kofa a rufe, ga sabon mashin. Ko ni ne sai na yi zargi. Buga takardar yarjejeniyar aikin a kan takarda ta gaske, ka zauna da shi bayan la'asar ka karanta masa ka fassara, ka nuna masa abin da kake ginawa. Wata rana in kuna mitin bar kofa a bude ya leko ya ga fuskokin mutanen. Ka nemo wani da yake ganin girmansa, kawu ko malamin makaranta da ya san harkar, ya yi masa bayani, shi din ne kuma zai yi maka shaida a gidan surukai. Sannan ka rika fita jam'i da daurin aure da jana'iza. Mutumin da ba a ganinsa a sahu, ko me yake yi a daki ba za a yi masa kyakkyawan zato ba.

Barci kuwa lissafin agogo ne. Tsakaninmu da New York awa biyar ne a lokacin zafinsu, shida a lokacin sanyi, Kalifoniya kuma takwas ko tara. Wato karfe tara na safensu a Kalifoniya mu nan biyar ko shida na yamma, mitin din farko ya fado maka daidai magariba, ka tashi aiki daya ko biyun dare, ga asuba na jira. Fada wa mutanen kamfanin tun wuri cewa akwai mintunan da kake tashi salla, ka toshe su a kalandar aiki, yawanci in ka fada a sarari ba ya zama matsala, boye-boyen ne ke jawo zargi. Ka mayar da barcin hantsi ka'ida, ka gaya wa kannenka ba a aikenka cefane kafin azahar. Wanda ke neman sabon aiki kuma ya fi masa sauki ya duba Turai, mu da Landan agogonmu daya ne rabin shekara, sauran rabin awa daya ce.

Wuta. Kai dan Gombe ai ba sai na tuna maka Oktoban 2024 ba, lokacin da Arewa ta fi mako a duhu bayan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, masu cajin waya suka zama sarakai. A Maris din shekarar kuma wayoyin intanet na karkashin teku suka katse a gabar Afirka ta Yamma, har bankuna suka rikice. Oganka na Amurka zai ce ayya sau daya, sau biyu, na uku zai nemo wani. Don haka albashin farko ba na sabuwar waya ba ne, na sola ne da inbata da batir da zai rike laftof da fanka. Layi biyu na kamfani daban-daban, in wannan ya dauke ka koma wancan. Starlink, intanet na tauraron dan adam, ya shigo Najeriya tun Janairun 2023, in aljihu zai dauka yana taimako, wasu ma hada kudi suke su uku su hudu su kama daki daya su mayar ofis, kaga an jefi tsuntsu biyu, Baba ma zai ga kana fita.

Ka duba takardarka da kyau, galibi dan kwangila suke daukar irinku. Babu fansho babu kudin asibiti, kuma da imel daya ake sallama. Kar ka dora rayuwarka kan canjin yau. Kafin Yunin 2023 dala a hukumance wajen naira 460 take, a 2024 ta haura 1,500, mai karbar dala ya ji dadi, amma abin da ya hau yana iya sauka, 'yan canjin Wapa ma sun sani. Ajiye abin da zai rike ka wata uku zuwa shida kafin ka fara maganar lefe.

TAMBAYA: Malam ina ganin Turawa a Instagram suna aiki a bakin teku, yau Bali gobe Lisbon. Nima haka nake so, ina samun kamar dala 400 a wata. Ta ina zan fara? Daga Maradi.

AMSA: Dan uwa ai mu muka riga su, ci-rani ne da kwamfuta. Bambancin kawai dan ci-raninmu yana barin inda babu kudi ya tafi inda ake samu, su kuma albashin Landan ko Berlin suke dauka su je su kashe inda rayuwa ke da araha, irin Chiang Mai a Tailan. Dabarar kenan gaba daya. To kai da kake karbar dala kana kashe sefa a Maradi ai ka riga ka ci wannan ribar kana kan katifarka, in ka tafi Lisbon, babban birnin Fotugal, juya lissafin za ka yi a kanka.

Kasashe da dama sun fito da bizar irin wadannan mutane. Estoniya ta fara a Agustan 2020, Fotugal a Oktoban 2022, a Afirka akwai Morishiyos da Namibiya, Kenya ma ta sanar da tata a 2024. Amma kowacce sai ka nuna abin da ke shigo maka duk wata. Namibiya dala 2,000 take nema, Fotugal ninki hudu na mafi karancin albashin kasar, ga inshorar lafiya ga shaidar wurin zama. Dala 400 ba ta kai ko bakin kofa ba. Ga kuma fasfo, Bajamushe zai sayi tikiti yau ya tashi gobe, ni da kai sai mun bi layin ofishin jakadanci da takardun banki a hannu. Su mutanen Lisbon din ma kuka suke wai bakin da ke zuwa sun tsauwala masu kudin haya.

Hoton bakin tekun nan kuma kar ya rude ka, gwada bude laftof a tsakar rana ka ga ko za ka ga rubutu, balle yashi.

In yawon ne ke ranka, fara da kusa. Je ka yi wata guda a Yamai ko Kano ko Kwatano, inda kake da dan uwa ko zango da za a sauke ka, ka gani ko za ka iya cika wa'adin aiki kana bakunta. Da yawa a nan suke gane cewa tafiya suke so, aikin kuma zama yake so.

TAMBAYA: Wai mu ma masu aikin onlayin sai mun biya haraji? Ai ba gwamnati ce ta samo mana ba. Daga Sakkwato.

AMSA: Mai shago a kasuwa ma ba gwamnati ce ta samo masa ba. A sabuwar dokar harajin Najeriya da aka sa wa hannu a Yunin 2025 ta fara aiki Janairun 2026, mazaunin kasa ana lissafa abin da ya samu ko daga ina ya fito, sai dai naira dubu 800 na farko a shekara babu haraji a kansu. Samu littafi ko ka bude shafi a kwamfuta ka rika rubuta duk abin da ya shigo da ranar da ya shigo da canjin ranar, ka ajiye rasit din data da sola da gyaran laftof, in abin ya yi yawa ka nemi akawu ya duba maka.

Wanda ya turo tambaya kan wace laftof zai saya da dubu dari biyu, sakonka ya iso amma ba ka fadi aikin da za ka yi da ita ba, sake turowa.